Walimar tarbar jariri: Asalinta, ladubbanta da yadda ake shirya ta

Walimar tarbar jariri taro ne da ƙawaye ko 'yan uwa ke shirya wa mace mai juna biyu makonni kaɗan kafin ta haihu, inda ake ci a sha, a yi mata fatan sauka lafiya, sannan a haɗa mata kayan da jaririn zai buƙata. A Amurka, inda al'adar ta samo siffar da aka san ta da ita a yau, ana kiran ta baby shower, sunan da ke kwatanta yadda kyaututtuka ke zubo wa mai cikin kamar ruwan sama.

Daga can ta bazu zuwa Kanada da Birtaniya da wasu ƙasashen, kuma ta hanyar fina-finai da shafukan sada zumunta ta iso manyan biranen Najeriya irin su Legas da Abuja. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibar da ke karatu a waje, ko ma'aikaciyar wani ofis a Abuja, ta wayi gari da katin gayyata a hannu, ko ma a ɗora mata nauyin shirya wa wata.

Ƙa'idojin wannan walima suna da yawa, amma ma'auninsu ɗaya ne. An ƙirƙiro ta domin a rage wa mai ciki nauyi, don haka duk wata shawara kan lokaci ko baƙi ko abinci ko kyauta ana auna ta ne da sauƙin da za ta kawo wa mai cikin.

Asalin al'adar

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 matan Amurka ke shirya wa amarya irin wannan taro kafin aure, su tara mata kayan ɗaki da na girki. Daga nan aka ɗauko tsarin aka mayar da shi kan mai ciki.

Al'adar ta kankama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji sun koma gida, aure ya yawaita, kuma daga 1946 zuwa 1964 an haifi jarirai kimanin miliyan 76 a Amurka. Da yawa daga cikin sabbin ma'auratan sun tare a sabbin unguwannin bayan gari, nesa da iyaye da kakanni, a daidai lokacin da kantuna suka cika da gadajen jarirai da kekunansu da sauran kayan da ƙaramin albashi ba zai iya saya a lokaci guda ba. Sai maƙwabta da ƙawaye suka cike gurbin dangi, kowacce ta ɗauki nauyin abu ɗaya.

A Birtaniya an daɗe ana kallon walimar a matsayin al'adar Amurkawa. Shi ya sa jaridun ƙasar suka yi ta magana a watan Fabrairun 2019, lokacin da Meghan, matar Yarima Harry, ta tafi birnin New York domin walimar da ƙawayenta suka shirya mata, cikinsu har da shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams. A 2020 kuma, da annobar korona ta hana taruwa, mutane suka koma yin walimar ta manhajar Zoom, wasu kuma su zo a mota su miƙa kyauta a ƙofar gida su wuce.

Wane ne ya kamata ya shirya?

A tsohuwar ƙa'ida, mai ciki ba ta shirya wa kanta, haka ma mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta ciki ɗaya. Dalili shi ne taron na tara kyauta ne, kuma idan iyali suka kira shi da kansu sai ya yi kama da roƙo. Aikin na aminiya ne, ko abokiyar aiki, ko wata daga cikin dangi na nesa.

Masu rubutu kan ladubban zamantakewa a Amurka, waɗanda suka biyo sawun Emily Post, marubuciyar da sanannen littafinta kan ladubba ya fito a 1922, sun sassauta wannan ƙa'ida. A yau uwa ko ƙanwa ko suruka na iya shiryawa ba tare da an ga baikensu ba. Abin da har yanzu mutane da yawa ke ɗan jin nauyinsa shi ne mai cikin ta tura gayyata da sunanta.

Matakin farko ga mai shiryawa shi ne ta zauna da mai cikin ta ji ra'ayinta. Tana son walimar kuwa? Wace rana ce ta fi mata? Su wa take so a gayyata, su wa kuma ba ta so? Mata zalla ne ko har da maza? Ta yarda a ɗauki hoto? Walimar ba-zata tana da ban sha'awa a fim, amma macen da ke wata na takwas, ga kumburin ƙafa ga ciwon baya, ba lallai ne ta ji daɗin ta buɗe ƙofa ta tarar da mutum talatin suna tafi ba. Idan dole sai an yi ba-zata, a haɗa baki da mijinta ko wata makusanciyarta da ta san halin lafiyarta.

Kuɗin taro a wuyan mai shiryawa yake. Ba a ɗora wa mai ciki ko sisi, kuma ba a karɓar kuɗin shiga daga baƙin da aka riga aka sa ran za su zo da kyauta. Idan nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ƙawaye biyu ko uku su yi karo-karo, su raba aiki tun farko. A wurin aiki kuwa, gudunmawa ta zama ta ganin dama, kuma kada a liƙa sunaye da adadin abin da kowa ya bayar.

Lokacin da ya dace

Likitoci na lissafin ciki a kan mako 40. Galibi ana sa walimar tsakanin mako na 28 da na 36, kuma mutane da yawa sun fi zaɓar makonni huɗu zuwa shida kafin ranar da aka yi hasashen haihuwa.

Akwai dalilai uku na wannan zaɓi. Na farko, mafi yawan ɓari na faruwa ne a watanni ukun farko, don haka ba a gaggawar yin shagali tun ciki bai yi ƙwari ba. Na biyu, iyaye na buƙatar lokaci bayan walimar domin su ga abin da aka kawo, su sayi abin da ya rage, su wanke tufafi su shirya ɗaki. Na uku, haihuwa ba ta jiran ranar da aka rubuta a katin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin jariri ɗaya cikin goma ana haifar sa kafin cikar mako 37, wato jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020 kaɗai.

Idan tagwaye ake sa rai, ana matso da ranar gaba, domin su kan zo da wuri, kuma nauyin cikin kan gajiyar da uwa tun kafin watan ƙarshe. Idan likita ya umarci mai ciki da ta kwanta ta huta saboda hawan jini ko wata matsala, sai a ɗage taron, ko a taƙaita shi zuwa mutum huɗu ko biyar da za su same ta a gida.

Jerin baƙi da katin gayyata

Mai cikin ce ke bayar da sunayen waɗanda za a gayyata, bayan mai shiryawa ta faɗa mata adadin da wuri da aljihu za su iya ɗauka. Ƙa'idar ita ce a gayyaci waɗanda ke da alaƙa ta gaske da ita. Tura kati ga wadda aka yi shekaru ba a gaisa ba kan sa ta zargi cewa kyautarta ake nema.

Ana tura gayyata makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, a takarda ko ta waya. Katin ya ƙunshi sunan mai cikin da na mai shiryawa, da rana da lokacin farawa da na tashi, da adireshi, da bayanin ko za a iya zuwa da yara. A ƙasan katin ana ganin haruffa huɗu, RSVP, waɗanda aka taƙaito daga Faransanci, ma'anarsu a daure a ba da amsa. Wanda aka gayyata ya sanar ko zai zo ko ba zai zo ba kafin ranar da aka ƙayyade, domin da wannan amsa ake lissafin abinci da kujeru. Haka nan ba a zuwa da rakiyar da ba a gayyata ba.

Akwai baƙuwar da ke buƙatar kulawa ta musamman, wato wadda ta yi ɓari kwanan nan, ko ta rasa jariri, ko ta daɗe tana neman haihuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, don haka da wuya a tara mata ashirin babu mai irin wannan damuwa. Cire sunanta a ɓoye kan yi mata ciwo, tilasta mata zuwa ma haka. Abin da ya fi shi ne a kira ta ita kaɗai, a gaya mata ana son ta zo, kuma babu komai idan ba ta samu dama ba.

Wuri da kasafi

Ana yin walimar a gidan mai shiryawa, ko gidan cin abinci, ko ƙaramin ɗakin taro, ko lambu idan yanayi ya yi kyau. Wasu kan zaɓi gidan mai cikin domin a hutar da ita tafiya da jigilar kaya, da sharaɗin masu shiryawa ne za su share kafin taro su kuma gyara bayansa.

Ko ina aka zaɓa, a tanadar mata kujera mai majingina da abin ɗora ƙafa, kusa da banɗaki, a inda iska ke shiga. A guji bene mai matakala da yawa, da kiɗa mai ƙara, da hayaƙin taba, da turare mai ƙarfi, domin masu ciki da yawa ba sa jure wari ko ƙamshi mai nauyi. Sa'o'i biyu zuwa uku sun isa, kuma an fi sa taron da rana a ƙarshen mako.

Duk baƙon da ke fama da mura ko zazzaɓi ya zauna a gida ya aiko da saƙo. Haka ma wadda ɗanta ke da ƙyanda ko ƙarambau, domin waɗannan cututtuka na da haɗari ga mai ciki da abin da ke cikinta.

Game da kasafi, a fara da abinci da wurin zama, abin da ya rage a yi ado da shi. Hotunan da ake gani a Instagram na tarin balan-balan da furanni da kek mai hawa uku sun sa mutane na cin bashi domin taron sa'o'i biyu. Kuɗin da aka zuba a adon da za a kwashe da yamma zai iya sayen kunzugun wata biyu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abinci da abin sha

Ana shirya abincin ne da la'akari da abin da mai cikin za ta iya ci, domin ba daidai ba ne a cika teburi da abin da ita aka hana ta. Likitoci na gargaɗin masu ciki su guji nama ko kifi ko ƙwan da bai dahu sosai ba, da ɗanyar madarar da ba a tafasa ko sarrafa ba, da cuku mai laushi da aka yi da irin wannan madara. Babban abin tsoro a nan shi ne ƙwayar cutar listeriya, wadda Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce masu ciki sun fi sauran mutane saurin kamuwa da ita da kusan ninki goma, kuma tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

Barasa ba ta da wani adadi da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi. Shi kuwa sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da wasu lemukan kwalba, shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ya wuce miligiram 200 a rana, kimanin moɗa biyu na kofin gwangwani.

A wanke 'ya'yan itatuwa da ganye sosai, kuma kada a bar dafaffen abinci ya daɗe a buɗe cikin zafi. Idan mai cikin na da ciwon suga na masu juna biyu, a samar da abin da ba shi da zaƙi. A kuma tambayi baƙi tun a katin gayyata ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko wani abinci, ko wanda addininsa ya hana shi wani abu.

Kyaututtuka

A Amurka iyaye kan yi rajistar kayan da suke buƙata a wani kanti ko shafin sayayya kamar Amazon ko Target. Duk wanda ya sayi abu ɗaya sai a cire shi daga jerin, ta haka ba a tara bahon wanka biyar alhali babu gado. Kantin Marshall Field's na birnin Chicago ne ya fara wannan tsari ga amare a 1924.

Ladabin jerin yana hawa kan ɓangarori biyu. Iyaye su sa kaya masu farashi daban-daban domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin da zai iya saya. Baƙo kuma ba dole ne ya saya daga jerin ba, amma idan zai fita daga cikinsa ya zaɓi abu mai amfani, ya haɗa da rasit domin a iya canzawa. Manyan kaya irin su gado ko keken jariri ko kujerar mota, mutane da yawa kan haɗa kuɗi su saya tare.

Kunzugun jarirai, wanda aka fi sani da famfas, yana cikin kyaututtukan da ba a rasa amfaninsu, domin sabon jariri kan ɓata takwas zuwa goma sha biyu a rana a makonnin farko. Sai dai a haɗa da manyan lambobi, haka ma tufafi, saboda jariri kan ninka nauyin da aka haife shi da shi a kusan wata biyar, kuma rigunan sabon haihuwa ba sa daɗewa suke matse shi. Sauran sun haɗa da tawul da shawul da safa da huluna da sabulu maras ƙamshi da ma'aunin zafin jiki.

Mai neman misalin abin da ya wajaba zai iya duba ƙasar Finland, wadda gwamnatinta ke bai wa masu ciki akwatin kwali cike da tufafi da kayan shimfiɗa da na wanka tun 1938, kuma ta faɗaɗa shirin ga dukan iyaye mata a 1949. A cikin akwatin akwai 'yar katifa, shi kansa kwalin yana zama gadon farko na jariri.

Kada a manta da uwar. Riga mai sauƙin shayarwa, ko alƙawarin kawo abinci na mako guda bayan haihuwa, ko ɗaukar nauyin wanki, kan fi wata 'yar tsana amfani.

Kyautar da ke iya cutarwa

Ba duk abin da aka yi domin jarirai ne ya dace da su ba. A 2011 Amurka ta haramta sayar da gadon jariri mai gefen da ke zamewa ƙasa, bayan mutuwar jariran da suka maƙale a cikinsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta hana sayar da matasan da ake kewaye cikin gadon jariri da su, da kuma makwancin jarirai mai gangara. Irin waɗannan kaya har yanzu suna yawo a kasuwannin gwanjo na ƙasashe da dama.

Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ce a kwantar da jariri rigingine a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta da gangara, babu matashi, babu bargo mai nauyi, babu kayan wasa a gefensa. Kujerar mota ta hannu ma abar lura ce, domin tana da wa'adin aiki da ake rubutawa a jikinta, kuma wadda ta taɓa shiga hatsari mai tsanani ba a sake amfani da ita.

Ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda ƙwayar cutar da ke iya shanye masa jiki. Madarar gwangwani da fida kuwa, a tambayi uwar kafin a saya, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar shayar da nonon uwa zalla na watanni shida na farko.

Yadda ranar ke gudana

Tsarin da aka saba shi ne a tarbi baƙi, a gabatar da waɗanda ba su san juna ba, a ci abinci, a yi wasa ɗaya ko biyu, a buɗe kyaututtuka, a yanka kek, a yi sallama.

Wasannin sun haɗa da cankar ranar haihuwa da nauyin jariri, da gane baƙi daga hotunansu na jarirantaka, da rubuta wa uwar shawara ko addu'a a ƙananan katuna da za ta ajiye. Akwai wasan da baƙi ke cankar faɗin cikin da zare sannan a auna, amma mata da yawa ba sa son sa, don haka ba a yin sa sai da yardarta.

Buɗe kyauta a gaban jama'a tsohuwar al'ada ce, sai dai tana cin lokaci, kuma tana iya kunyata wadda ta kawo abu kaɗan. Wasu yanzu kan jera kyaututtukan a teburi ba tare da an naɗe su ba, wasu kuma su bari sai baƙi sun watse. Ko wanne aka zaɓa, a sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta sunan kowa da abin da ya kawo.

Ladubban baƙo

Ba a taɓa cikin mace sai da izininta. Ba a cewa cikin ya yi girma da yawa ko ya yi ƙanƙanta, ko ta yi ƙiba, ko fuskarta ta kumbura, domin ta riga kowa sani. Wadda ta sha wahalar naƙuda ta adana labarinta zuwa wata rana, haka ma labarin wadda aka yi wa tiyata ko wadda ta rasu wajen haihuwa. Macen da ta rage makonni ta shiga ɗakin haihuwa tana da isasshen tsoro nata.

Idan iyaye ba su faɗi jinsin jaririn ko sunan da suka zaɓa ba, kada a matsa. Idan sun faɗi sunan, ba wurin suka ba ne. Kada a juya kan wata baƙuwa da tambayar yaushe nata zai zo. Hoto kuwa ba a sa shi a Facebook ko WhatsApp sai mai cikin ta yarda, domin wataƙila akwai waɗanda ba ta sanar da su cikin ba.

Haihuwa ta biyu da bikin bayyana jinsi

Asali walimar ta cikin fari ce, tunda a lokacin ne gida ba shi da komai na jariri. Ga haihuwa ta biyu ko ta uku, Amurkawa kan yi ƙaramin taro da suke kira da kalmar da ke nufin yayyafi, inda ake kawo kunzugu da ƙananan kaya kawai. Ana yin cikakkiyar walima karo na biyu idan tazara ta yi nisa ko tagwaye ne ke tafe. Waɗanda ba sa son shagali kafin haihuwa kan jira sai jariri ya yi makonni, sannan su kira mutane su zo su gan shi.

Bikin bayyana jinsin jariri wani abu ne daban, ko da yake wasu na haɗa su. Ana danganta farkonsa da wata marubuciyar intanet, Jenna Karvunidis, wadda a 2008 ta yanka kek mai launin ruwan hoda a ciki domin sanar da cewa mace za ta haifa. Gasar burgewa ta mayar da shi abin haɗari. A 2017 wani abin fashewa da aka harba a irin wannan biki ya tayar da gobarar da ta cinye kimanin eka 47,000 a Jihar Arizona. A watan Satumban 2020 abin fitar da hayaƙi mai launi ya haddasa gobarar El Dorado a Jihar California, wadda ta ƙone fiye da eka 22,000, ta kuma yi ajalin wani ma'aikacin kashe gobara. Ita kanta Karvunidis ta fito daga baya ta roƙi mutane su daina irin wannan wuce gona da iri.

Idan al'amura suka sauya

Idan haihuwa ta riga ranar walima, a sanar da baƙi an ɗage, a bar iyaye su zaɓi lokacin da za su iya karɓar mutane. Idan kuwa aka rasa cikin ko jaririn, mai shiryawa ce za ta kira waɗanda aka gayyata ɗaya bayan ɗaya ta sanar da su a taƙaice, domin kada uwar ta riƙa amsa waya tana maimaita labarin. Ba a neman a dawo da kyautar da aka riga aka bayar, kuma ba a kwashe kayan jaririn daga ɗaki ba tare da an tambaye ta ba. Wata za ta so a kawar da su nan take, wata kuma za ta so ta ajiye.

Godiya

Yaba kyauta tukwici. Al'adar Amurkawa ita ce mai cikin ta aika wa kowane baƙo gajeriyar wasiƙar godiya, ta ambaci abin da ya kawo da sunansa, cikin makonni biyu zuwa uku, tun kafin hidimar jego ta sha kanta. A nan ne jerin da aka rubuta ranar walima ke amfani. Mai shiryawa kuma ana yi mata godiya ta musamman, sau da yawa tare da 'yar kyauta.

A wasu ƙasashe da ƙasar Hausa

A arewacin Indiya ana yi wa mai ciki bikin godh bharai, wato cika cinya, inda ake zuba mata 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi da kyaututtuka a cinya, galibi a wata na bakwai. A Jihar Tamil Nadu ta kudancin ƙasar mata kan jera mata awarwaro a hannu. Mutanen Brazil na da shayin jariri, inda kunzugu ne babbar kyauta. A ɗaya ɓangaren, Yahudawa masu riƙo da al'ada ba sa yin shagali kafin haihuwa, wasunsu ko kayan jariri ba sa shigarwa gida. Misirawa na biki a rana ta bakwai bayan haihuwa, Sinawa kuma idan jariri ya cika wata guda.

Bahaushe yana cikin masu jira. Ciki, musamman na fari, abu ne da ake lulluɓewa da kunya, ba a shelar sa. A wurare da yawa mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki a watannin ƙarshe, ta zauna har ta gama wankan jego na kwana arba'in. Abin da walimar Amurkawa ke yi na tara kaya, a nan barka da suna ne ke yin sa: mata na kawo sabulu da atamfa da rigunan jarirai, kuma kowacce ta san za a rama mata biki idan nata ya zo.

Saboda haka masu son shirya irin wannan walima a tsakanin Hausawa suna da ƙarin abin lura. A ji ra'ayin miji da na iyayen ɓangarorin biyu, domin abin da ƙawaye suka ɗauka karramawa wata uwar za ta iya ɗaukar sa tallan ciki. Walimar ba ta maye gurbin suna da yankan ragon da ake yi a rana ta bakwai. Sannan a tuna cewa matan da aka gayyata su ne dai za su dawo barka su dawo suna, don haka bai kamata a ɗora musu kyauta sau uku ba. Idan an yi, a taƙaita shi ga 'yan ƙawaye na kusa, a haɗa kuɗi a sayi abu ɗaya ko biyu da za a buƙata tun daren farko, kamar gidan sauro da kayan jakar asibiti, a yi mata addu'ar sauka lafiya, a tashi da wuri domin ta samu ta huta.